Mai Kitso a Gefen Jirgin Feshi

Tun ina ƙarami jirgin sama ya shiga raina, kuma har yau ban san wanda na gado ba. Babanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Falanko, in ya ɗaga kai sama hadari yake nema. Ni kuwa farin layin nan da manyan jirage ke bari nake bi da ido har wuyana ya ƙage. A ƙasarmu ta Damargu jirage ba su cika sauka ba, wucewa suke yi ta bisa kanmu, ƙanana kamar allura. Wani lokaci sai jirgin ya ɓace sannan ƙararsa ke isowa.

Na girma, na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, aka aje ni Tanut, na yi aure, na haifi ƴaƴa uku, abin bai sake ni ba. Wani abokin karatuna da ke aiki Yamai ya bar mini tsohuwar kamararsa mai dogon baki, ya kuma sa ni cikin wani guruf na waya na masu son jirage irina. Mutanen guruf ɗin suna zaune kusa da manyan filayen jirgi. Kullum sai sun turo hotuna, ga jirgi yana sauka, ga tayoyinsa suna hayaƙi, har lambar da ke wutsiyarsa ana karantawa. Ni abin da nake turawa farin layi ne da ɗan ɗigo a bakinsa. Suna yi mini kara, su ce ya yi kyau.

Wata shekara fara ta sauko mana a ƙarshen damina, hatsi ya fitar da kai amma bai nuna ba. Mutane suka yi ta kora da ganye da buga garwa har suka gaji. Sai aka ce za a aiko da jirgin feshi, kuma a filin jan ƙasa da ke bayan gari zai riƙa sauka yana shan mai. Kowa na murna don hatsinsa, ni ma ina da ƴar gona, amma gaskiya murnata biyu ce, kuma ta biyun ta fi girma.

Ba a koma lakwal ba tukuna, don haka da hantsi na hau motona, wato babur ɗina, na nufi filin. Ɗan ƙaramin jirgi ne rawaya, mai wurin zaman mutum ɗaya, farfela a hancinsa, bututun feshi a jere ƙarƙashin fikafikansa. An kafa sanduna an ɗaure igiya don kada mutane su matsa. Can gefe gangunan mai da na magani, leburori huɗu ko biyar suna mirgina su.

Na san kamara a irin wannan wuri ba abin wasa ba ce, saboda haka na fara da jandarman da ke gadi. Na gaishe shi, na nuna masa takardar shaidata, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Jirgin dai za ka ɗauka. Ban da mu, ban da motarmu." Na ce na ji. Na kuma samu matuƙin yana shan ruwa a inuwar fiffike, na nemi izininsa da Faransanci. Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya so wannan tsohon akwati haka ba, har ya nuna mini inda zan tsaya rana ta kasance bayana. Na koma wurin da ya nuna ina jin na cika duk wata ƙa'ida.

A rana ta uku na samu hoton. Jirgin ya gama shan mai, matuƙin ya tayar da shi, ya juya shi don ya fuskanci doguwar hanya. Da ya juya sai iskar farfela ta bugi mutanen da ke bakin igiya. Huluna suka tashi, aka yi ta ihu ana dariya. Ni ina durƙushe, na danna.

Da na duba bayan kamarar sai na ga na dace. Jirgin ya karkace kaɗan, rana ta kwanta a kan fiffikensa, bayansa gonar hatsi kore shar. A hagu, daidai ƙarshen fiffiken, wata mata tana tsaye ita kaɗai da koren hijabi, ƙwaryar fura a kanta, hannu ɗaya ya tallafe ƙwaryar, ta runtse ido tana dariya. Na ce a raina matar nan ita ta gyara hoton, don tsayinta ne ke nuna girman jirgin. Iyakar abin da na gani game da ita ke nan.

Na iso gida kafin azahar, na juye hoton a waya, na tura wa guruf. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙi, ɗan da'irar nan ta tsaya tana juyawa a kan hoton. Maiɗakina tana zaune a inuwar ɗaki tana yanka kuɓewar da za ta shanya. Na miƙa mata wayar, na ce, "Yau dai ki ga abin da mijinki ya kamo."

Ta goge hannu da gefen zane, ta karɓa. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, amma ba wajen jirgin ta buɗe ba. Ta daɗe tana kallo.

"Ya tafi?" ta tambaye ni.

"Bai tafi ba, rezo ne."

"Tsayar da shi, Malam."

"Don me?"

"Ka tsayar da shi tukuna, sannan mu yi magana."

Ba ta saba yi mini magana da wannan murya ba. Na karɓi wayar na soke turawar. Ta jawo ni na zauna bakin tabarma, ta sake buɗe wajen matar, ta ce in duba da kyau. Sai a lokacin na gani. Iskar ta manne hijabin a jikin matar tun daga ƙirji har gwiwa, ga ciki nan ya fito sarai, ba ƙarami ba. Ɗayan hannun nata, wanda ban ko lura da shi ba, yana ƙarƙashinsa.

Na ce, "To ai ba abin kunya ba ne. Matar aure ce da gani. Kuma wa ya san ta?"

"Ni na san ta. Mai kitsona ce."

Na san maiɗakina tana zuwa kitso wata unguwa ta gabas duk mako biyu, amma ban taɓa ganin mai kitson ba. A ranar ta ba ni labarinta. Ƴar wajen Gangara ce, mijinta lebura ne, yana cikin masu mirgina gangunan nan, fura ta kai masa. Sun fi shekara goma da aure. Ciki huɗu ta yi, babu wanda aka kai ga raɗa wa suna. Na ƙarshen tun yana ƙarami maganarsa ta bazu, mata suka yi ta zuwa suna yi mata barka da addu'a, wata ma har ta saƙa hular jariri ta kawo. Da abin ya lalace, su ɗin dai suka dawo jaje, wasu suna cewa baki ne ya kama ta, wasu suna cewa ta cika aiki. Mai hular ba ta san yadda za ta yi ba, ita ma mai kitson ba ta san inda za ta sa hular ba.

"Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba," in ji maiɗakina. "Ko uwarta. Ta je ta ɗinka hijabi har ƙasa, cikin zafin nan."

"Ke fa, yaya aka yi kika sani?"

"Ƙeyata ce ta gaya mini. In tana yi mini kitso a jikinta nake jingina kaina. Wata biyu ke nan da ta fara sa matashi tsakaninmu, ta ce wai bayanta ke ciwo. Na ce Allah ya sawwaƙe."

"Ba ki tambaye ta ba?"

"In tana so in sani ai tana da baki."

"Ni ma ba ki gaya mini ba."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yankan kuɓewa. "Nawa ne da zan gaya maka?"

Ba zan ɓoye ba, na yi gardama. Na ce a fili matar take tsaye, gaban mutane da yawa, ba gidanta na leƙa ba. Na ce babu ɗan Tanut ko ɗaya a guruf ɗin. Maiɗakina ta tuna mini da hoton wata mota da ta kafe a kwari bara, wanda ni na ɗauka da safe, kafin la'asar ƙanwarta da ke Agadas ta turo mata shi tana tambaya ko mun ji labari. Ta ce hoton waya ƙafa gare shi. Na ce to zan rufe fuskar matar, haka mutanen guruf suke yi. Ta ce ai ba fuskar ce maganar ba, kuma duk matar da ta taɓa zama kitso a gidan ta san hijabin nan da ƙwaryar nan mai ɗinki a baki. Na gwada yanke ta daga hoton. Da na yanke ta sai rabin fiffiken ya bi ta, jirgin ya zama kamar kazar da aka fige gefe ɗaya.

Na gaji, na ce, "Shi ke nan, bari in goge kowa ya huta."

Na ɗora yatsa a kai na kasa dannawa. Shekara nawa ina jiran hoto irin wannan. Maiɗakina ta ga yatsan nawa ya tsaya, ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Ka ɗauka ba ka tambaye ta ba. Yanzu kuma za ka goge ba ka tambaye ta ba."

"To in tambaye ta?"

"In ka tambaye ta, ta san wani namiji ya gani."

Nan muka tsaya. Kwana biyu muna juya maganar, tana hana kanta ta wannan gefe, ina hana kaina ta wancan. Na je filin ban fitar da kamarar daga jaka ba. Abin da ya raba gardamar shi ne da na dawo na ce mata matar ta sake kawo fura, ta tsaya wurin da ta tsaya, kuma samari da yawa suna ɗaga wayoyinsu duk lokacin da jirgin ya juya. Maiɗakina ta ajiye muciya. Ta ce lallai a gaya mata, don in mu mun yi shiru wani ba zai yi ba. Ta ƙara da cewa mai ciki ma ba ta da abin yi kusa da gangunan maganin fara.

Tunda ni namiji ne, ta wajen mijin ya kamata in bi. Na same shi bayan jirgi ya tashi, yana wanke hannu da sabulu a bakin wata randa. Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana. Na gaishe shi, na gabatar da kaina, na ja shi gefe. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar fara, na yi maganar hatsi, har ya fara duban gangunansa. Sannan na ce na ɗauki hoton jirgi, iyalinsa ta fito a ciki ba da niyyata ba, kuma iska ta yi abin da iska ke yi. Na ce ban nuna wa kowa ba sai maiɗakina.

Ya gane nan take. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da babban yatsan ƙafarsa. Na ciro wayar zan nuna masa, ya ɗaga jiƙaƙƙen hannunsa.

"Kada ka nuna mini, Malam. Ita ce a ciki, ita za ta fara gani."

Na mayar da wayar aljihu.

Ya ce, "Ku zo gobe da la'asar, kai da iyalinka. Zan gaya mata kuna tafe, ba zan gaya mata dalili ba. Mace ta fi iya gaya wa mace."

Gidan ƙarami ne, darnin kara ya kewaye shi, da bishiyar aduwa a ƙofa. Mijin ya shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin aduwar, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Maiɗakina ta karɓi kamarar ta rataya ƙarƙashin mayafinta, ta yi sallama ta shiga. Mun ji gaisuwarsu, mun ji an jawo kujera, daga nan shiru.

Shayin farko ya tafasa, mijin ya yi ta juya shi daga kofi zuwa kofi fiye da yadda ake bukata. Na karɓa na sha ban ji ɗanɗanonsa ba. Can sai muka ji kuka, ba mai ƙarfi ba, irin wanda ake toshe baki da zane. Mijin ya ajiye butar, ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa, "Ka gafarce ni." Ya ce, "Bari dai mu ji."

Bayan ɗan lokaci kukan ya lafa, muka ji suna magana ƙasa-ƙasa, sai kuma dariya, ta maiɗakina da wata wadda ban sani ba. Maiɗakina ta leƙo ta ce mai gidan tana so ta yi magana da ni. Na tashi na tsaya jikin darni, ita tana ta ciki. Ban ɗaga kai ba.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Mutum nawa suka gani?"

"Ni da maiɗakina. Ko maigidanki ya ƙi kallo."

"Kai da ka ɗauka, tun a can ka gani?"

"Wallahi jirgin kawai na gani."

Ta yi dariya. "Maza ke nan."

Na ce na zo neman gafara ne, na ɗauke ta ba da saninta ba, kuma saura ƙiris in tura wa mutanen da ba ta sani ba.

"Yaya ta ce ka tambayi jandarma," ta ce. Maiɗakina take kira Yaya.

"Na tambaye shi."

"Ka tambayi mai tuƙin."

"Shi ma."

"To ni ma ai kusa nake, Malam. Da ka ce baiwar Allah matsa, da na matsa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce hoton nata ne, in ta ce a goge yanzu zan goge a gaban mijinta.

Da ta sake magana sai na ji kamar ba da ni take ba. Ta ce madubin ɗakinta bai fi tafin hannu ba, fuska kawai yake nunawa. Ta ce sau huɗu tana ɗaukar ciki ba ta taɓa ganin kanta da shi ba, in tana wanka ma sama take kallo, don tsoron kada ta saba da shi. "Ashe haka nake," ta ce. "Har ina dariya. Ban san na yi dariya ba ranar."

Ta ja numfashi. "Kada a goge. Amma kada ya zauna wurinka. Ba don ban yarda da kai ba, waya tana ɓata, yara suna dannawa."

Na ce zan iya kai shi Damagaram a wanke mata a takarda, sannan in goge nawa.

"Mai wankin makaho ne?"

Mijin ya yi ƴar dariya daga kan tabarma, karo na farko da na ji dariyarsa.

Abin da muka yi ke nan. Na goge na wayar, mijin yana kallon yatsana amma ya kauce wa fuskar wayar. Na buɗe cikin kamarar na zaro ɗan katin da hotuna ke zama a kai, na ba maiɗakina ta miƙa mata. Na gaya mata wayarta ba za ta iya buɗe shi ba. Ta ce ta sani, ta gani sau ɗaya, ya ishe ta yanzu. Maiɗakina ta ce a gabanta ta ƙulle shi a ƙyalle ta tura ƙasan akwatin tufafinta. Ta kuma yi alkawari ba za ta sake kai fura filin ba, mijin zai riƙa tafiya da abinsa.

A hanyar komawa ina tuƙa moto, maiɗakina tana baya, ta ce, "Ka ji zafi?"

Na ce, "Na ji."

Ta dafa kafaɗata har muka isa.

Sauran hotunan da ke wayata, na jirgin shi kaɗai, su na tura wa guruf. Sun yaba ƙwarai, don ba wanda ya taɓa kawo irin wannan jirgi. Na rubuta musu cewa akwai wanda ya fi duka kyau amma mai shi ta karɓe abinta. Wani ya ce doka ba ta hana ɗaukar mutum a fili ba. Wani ya ce in tura masa shi kaɗai ya gani. Na ce ba ya hannuna, kuma na ji daɗi da gaskiya nake faɗa.

Jirgin ya gama aikinsa ya tafi. Hatsi ya tsira, ba duka ba, amma an ɗaure damma an zuba a rumbu. Aka koma lakwal. Maiɗakina ta ci gaba da zuwa kitso, tana dawowa da kanta a gyare da bakinta a rufe. Sau da yawa tambaya tana zuwa mini har leɓe in hadiye. Wata rana ta dawo da kitson da ba irin wanda ta saba ba, na gane wata ce ta yi mata. Ta ga ina kallo, ta ce, "Ta daina zama da yawa. Lafiyarta lau." Iyakar labarin da na samu ke nan cikin watannin, sai dai addu'a da nake yi mata bayan salla ba tare da na kama suna ba.

Wata safiya ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, na hango mutum a tsaye jikin bishiyar da ke farfajiyar lakwal. Mijin ne. Bai matso ba, bai aiko a kira ni ba, yana nan tsaye har aka buga ƙarfen shan iska. Na fita da alli a hannuna, na ga fuskarsa ba ta nuna komai.

Ya kama hannuna da hannu biyu. "An sauka, Malam. Jiya, a likita. Mace."

"Uwar fa?"

"Lafiya."

"Jaririyar?"

"Tana kuka," ya ce. "Da ƙarfi. Har ma'aikatan suna cewa ta cika tsiwa." Sai ya juya yana kallon katanga. Na tsaya tare da shi muna kallon katangar har aka sake buga ƙarfe.

Kwana bakwai ɗin nan sun yi mana tsawo. Ranar suna na je da kamara da sabon kati, amma na bar ta cikin jaka. Mai jegon ce ta aiko maiɗakina ta ce in ɗauki maza in sun yarda, in ɗauki rago, jaririya kuwa sai bayan arba'in. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Liman ya ce in dakata ya gyara rawani. Kakan jaririyar, wanda ya zo daga Gangara a bayan motar kasuwa, ya ce shi bai taɓa yin hoto ba sai na takardar shaida, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Na ce to. Da aka raba goro ya kira ni da hannu, ya ce in ɗauke shi sau ɗaya, amma daga gefen da yake da haƙora.

Sai da yarinyar ta fara tafiya uwar ta ciro katin. Ta ba maiɗakina, wadda za ta je Damagaram ganin gida, ta ce a wanke ɗaya tak. Maiɗakina ta tsaya kan mai wankin har ya gama, ta sa ya goge daga na'urarsa, ta dawo da hoton da katin cikin ambulan. Ambulan ɗin ya kwana a gidana, a kan akwatinta, ba a liƙe ba. Na wuce shi sau uku ko huɗu. Da safe ta kai mata. An ce yana rataye cikin ɗakinta, ta ciki, inda baƙi ba su shiga. Ban sake ganinsa ba.

Bayan shekara biyu tsuntsaye suka dami gonakin wajen Belbeji, aka sake aiko jirgi, wani fari mai jan layi. Na samu ranar Asabar na hau moto tun da safe. Wurin da yake sauka fili ne kusa da wata rijiyar makiyaya, don haka mutanen da ke bakin igiya Buzaye ne da Fulani da dabbobinsu. Na gama da jandarmomi, na duba inda zan tsaya, na ga mutum bakwai ko takwas za su shiga hoton. Matuƙin ya riga ya hau.

Na fara da wasu mata Fulani biyu masu ƙoren nono. Na gaishe su, na yi bayani. Babbar ta ce a'a, suka ja baya suna rufe baki suna dariya. Wani saurayi makiyayi ya ce ya yarda, amma sai ya sa tabarau ɗinsa, ya shiga laluben aljihu. Na isa wurin wani dattijo Buzu da ke riƙe da akalar farin raƙumi, rawaninsa ya rufe komai sai idanu. Hausarsa a hankali take fita. Ya tambaye ni daga ina nake, ɗan wane ne ni, ina hoton zai je, su wane ne za su gani, su kuma me za su yi da shi. Ina ba shi amsa ina jin farfela tana ƙara ƙarfi a bayana. Ba a katse dattijo. Ya ce ya taɓa ganin hoton wani ɗan'uwansa a bangon wani ofis, an rubuta magana a ƙasa da ba wanda ya karanta masa, shi ya sa yake tambaya. Na ce yana da gaskiya.

Ƙarar ta wuce ta bayana, ta yi sama. Da na juya jirgin ya riga ya haye itatuwa.

Dattijon ya bi shi da ido, ya dawo da kallonsa kaina. "Ya tafi," ya ce.

"Ya tafi, Baba."

"Zai dawo shan mai. Jiya sau uku ya dawo." Ya durƙusar da raƙumin, ya kwance wata ƴar jakar fata, ya fito da buta da ganyen shayi. "Zauna. Na yarda ka ɗauki raƙumin. Ni kuma mu sha shayi tukuna, in ga irin mutumin da kake."